Jeren Kaka a Zauren Kwaleji

A shekarata ta ƙarshe a sashen zane na kwalejinmu, babu laccar da za a yi ko baje-kolin da za a buɗe a Azare ban je ba. 'Yan ajinmu har tsokanata suke yi, wai ko taron masu gyaran famfo aka kira, in dai an jera kujeru an kafa lasifika, a layin gaba za a same ni. Ban taɓa musa musu ba. Hannuna ya iya zane, kowa ya san da haka, ni ma na sani, amma ba ni da abin zanawa. Malaminmu, wani dogon mutum mai magana a hankali, ya taɓa ɗaga wani kwandon lemo da na zana, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce bai ga kuskure ko ɗaya ba, sai dai kowa ma zai iya cewa shi ya yi shi. Maganar ta ƙona mini rai, musamman da na san gaskiya ya faɗa. Ga aikin kammalawa yana matsowa, wanda za a baje a babban zaure wani malami ya zo daga jami'a ya duba. Na rantse a raina ba zan kai kwandon lemo gaban baƙon nan ba.

Shi ya sa na shiga yawon taruka. Na saurari wani mai zane da ya zo daga Bauchi da majiginsa, yana kunnawa aka ɗauke wuta, ya ƙarasa laccar yana kwatanta mana hotunan da baki, kuma wallahi na fi ganinsu a haka. Na je baje-kolin amfanin gona saboda rumfar mata masu fayafai da tabarmi, na wuni wajen wata tsohuwa daga Disina tana faɗa mini sunayen adon da ke jikin ƙwarya, tana yi tana dariyar yadda nake maimaitawa. Akwai kuma laccocin da ban tsinci komai a cikinsu ba sai ciwon baya, irin waɗanda mutum zai share rabin yini yana Turanci a kan launi, alhali rigarsa da hularsa ba sa ga maciji da juna. Duk da haka ban daina zuwa ba. Ni mutum ce mai naci, in na sa abu a gaba sai na ga ƙarshensa.

Abin da nake nema a wata makarantar sakandare na same shi, inda tsofaffin ɗalibanta suka rataye zane-zanensu a ɗakin taro. Zanukan ba laifi. Amma a tsakiyar bango akwai wuri guda da babu komai sai ƙusa, saboda mai zanen ya zo da safe ya ɗauke kayansa, ban san me ya haɗa shi da masu taron ba. Sai na lura duk wanda ya shigo, wucewa yake yi ta gaban sauran da sauri, in ya iso ƙusar nan sai ya tsaya. Wani dattijo ya tambayi abin da yake wurin. Wata mata ta ce ai da ganin inda aka ba shi, shi ya fi kowanne kyau. Na daina kallon bango na koma kallon mutane. A hanyata ta komawa gida a ƙafa, ban kai kasuwa ba sai bangon ɗakin kakata ya faɗo mini a rai.

Mu Barebari ne. Ina ƙarama muka taho Azare daga wani gari a Yobe, can wajen iyakar Borno, lokacin da zama ya gagara. A garinmu an san Kaka, mahaifiyar babana, da jere. Samiru da langogi da fanteka sun hau kan juna sahu-sahu tun daga kan kantar da aka buga a bango har kusa da rufi, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kuma ba ta yarda a ci abinci a ko ɗaya daga ciki. Ranar tahowa abin da buhu ya ɗauka kawai ta ɗebo, bai kai rabi ba. Kakanmu namiji ya ce mu yi gaba, shi zai tsaya ya kula da gida ya biyo mu daga baya. Bai biyo ba, a can Allah ya yi masa rasuwa. Tun da muka sauka buhun nan yake ƙarƙashin gadon Kaka a ɗaure, bangonta kuwa fayau. In aka yi mata maganar jere sai ta ce rabin jere ba jere ba ne, ta kawo wani zancen.

Abin da na ƙulla shi ne in tayar da jeren Kaka a zauren kwaleji yadda yake a da, kowane kwano a mazauninsa, waɗanda aka baro kuma in bar gurbinsu a buɗe, duk mai ido ya ga abin da babu.

Ni da Kaka wasa muke yi, ba a jin kanmu. Da na je mata da buƙatar sai ta ƙare mini kallo ta tambaya ko makarantar tamu ta gama koyar da zane ne ta koma wanke-wanke. Na ce ai gara kwanukan su sha iska, kafin tsatsa ta riga ni gadonsu. Ta ɗaga carbi kamar za ta make ni. Kwana da kwanaki ina bin ta, ina yi mata tausa, ina haɗa mata garwashin turare, har ta gaji ta sa ƙafa ta turo buhun waje.

"Ɗauki," in ji ta. "Amma ki ji ni da kyau, ƙawata. Kada ki kunyata ni a gaban mutanen Guddiri, masu garin nan."

Na yi mata alkawari. Na san a wurinta giɓi a jere abin kunya ne, kuma na san giɓin shi ne aikin nawa gaba ɗaya. Ban ga yadda abu biyun nan za su zauna wuri guda ba, amma na tabbata in ta gani da idonta za ta gane.

Sai da na zaunar da ita ta faɗa mini tsarin. Ta rufe ido tana bi sahu-sahu, wannan ja ce mai furen ɗorawa, ta samanta fara ce mai bakin shuɗi, waccan ta sayo ta a Maiduguri da cikin babana. Ina ji ina zanawa. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba sai da muka kai can ƙololuwar sahun tsakiya. Nan ta buɗe ido ta ce ta gaji, in je in tambayi Goggo. Goggo ƙanwar babana ce, ita take riƙe da gidanmu da bakinta da hannunta. Ta ce wata koriyar samira ce mai murfi, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Wahalar aikin ita ce yadda kwano zai tsaya a sama alhali na ƙarƙashinsa babu shi. Na kai wa wani mai walda zanen, ya lanƙwasa mini siraran ƙarafa masu zobe, kowanne daidai faɗin gindin kwanon da ya ɓata, yadda na sama zai zauna daram, a ƙasansa kuma ba ka ganin komai sai zoben da iska. Kafinta ya buga mini kanta. Bangon baya na shafe shi da launin jar ƙasa irin ta ɗakin Kaka na da, ina haɗawa ina kai mata a murfin gwangwani tana cewa a ƙara ko a rage. Ranar da malaminmu ya ga gwajin farko, ya harɗe hannu a baya yana ta zagaya shi har na fara jin haushi. Daga ƙarshe ya ce in ci gaba, kada in ƙara komai. A ranar na san na samu abin da nake nema, kuma ban yi tawali'un ƙarya a kai ba, har 'yan ajinmu na faɗa wa su shirya.

Ana jajiberin buɗewa Goggo ta raka ni da buhun a adaidaita, ta taya ni wanke kwanukan da gogewa. Da na gama ɗorawa ta ja da baya ta tsaya, ta kama haɓa. Ta tambaye ni sauran fa. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, na ba ta labarin ƙusar makarantar sakandare, na ce so nake mutane su ga abin da muka baro. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "To." Duk wanda ya san Goggo ya san wannan "to" ɗin ba ta yarda ba ce, amma ranar kaina yana kan aikina, na ɗauka na gamsar da ita.

Washegari Goggo ta fita tun da sassafe, wai za ta barkar haihuwa. Ni na tsaya jiran Kaka, wadda ba ta fita sai ta naɗa lafaya ta warware ta sake naɗawa, ta tsuguna a kan kasko turare ya kama ta ciki da waje. Ina ta zaga tsakar gida, tana ce mini in kwanukan sun yi shekaru suna jira a buhu, ba za su gudu yau ba. Da muka isa, tun daga bakin zaure na jiyo ƙamshin turaren wuta, na ce a raina wane ɗalibi ne ya samu wannan dabarar. Muna shiga na ga matan unguwarmu zaune a kan tabarma a gaban aikina, sun sha kwalliya kamar masu ganin ɗaki. Na ɗaga kai. Jeren ya cika fam, tun daga ƙasa har sama, babu gurbi ko ɗaya.

Ashe Goggo ba ta iya barci da abin ba. Gida-gida ta bi tana sanar da cewa jeren Iya, wato Kaka, yana can a kwaleji da giɓi, kuma baƙo zai zo daga nesa ya gani. A unguwarmu ba a maimaita irin wannan maganar. In jeren wata ya kasa, maƙwabta ne suke cikawa da aro har a gama taro, ba wanda zai sani. Kowace ta sauko da abin da take ji da shi, suka cika adaidaita, maigadi ya ga mata da kwanuka ya buɗe musu ƙofa. Shugabar tafiyar ita ce Hajiya, Bafulatanar da ta ba mu ɗaki a gidanta farkon zuwanmu, abokiyar wasan Kaka. Ita ta tare ni da fara'a.

"Ai kin yi dabara, 'yar nan," ta ce. "Mun tarar har mazauni kin sa an ƙera musu. Ɗorawa kawai muka yi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban iya ɓoye fushi ba, kuma ban yi niyyar ɓoyewa ba. Na ce wa Goggo ta rushe mini aikin wata da watanni, cewa ba ɗakin amarya na shirya ba, jarrabawa ce, kuma abin da suka toshe shi ne abin da za a duba. Goggo ba ta ɗaga murya ba, gyara mayafinta kawai ta yi.

"A ce jeren uwata da giɓi a gaban baƙo, muna raye? Ke ce mai karatu, amma wannan kam ba za a yi da ni ba."

Baƙon yana ofishin shugaban sashe, an ce ya kusa fitowa. Na ƙudurta zan sauke su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda za ta yi fushi ta yi. Na miƙa hannu na ɗauko wata langa mai furanni rawaya, na juya ta zan ajiye, sai na ga ɗigon jan fenti a gindinta. Haka kowane gida yake yi wa kayansa alama don kada aro ya ɓata, wata ɗigo, wata layi, wata jan farce. Wannan ɗigon na san shi. A langar nan aka riƙa kawo mana dambu daga gidan da ke kallon na Hajiya, a kwanakin da ba mu da ko tukunya, ni nake wanke ta in mayar. Na duba ta kusa da ita, ita ma na gane ta, a ciki aka kawo kunu ranar da aka haifi ƙanena. Na tsaya da langa a hannu. Fushin bai tafi ba, amma na ga abin da ke gabana, kuma idona bai taɓa yi mini ƙarya a kan aiki ba. Abin da na shirya ya tsaya ne a ranar da muka baro gida. Matan nan sun ƙara masa duk shekarun da suka biyo baya. Na mayar da langar kan zobenta.

Duk wannan abin Kaka tana gaban jeren. Tana tsaye ta dogara da sandarta, tana bin sahun da ido daga ƙasa zuwa sama, leɓenta yana motsi. Hajiya ta tsokane ta, ta ce yau dai Fulani sun rufa wa Babarbariya asiri, sai ta zo ta yi godiya. Kullum Kaka tana da amsar irin wannan a bakinta, amma ranar hankalinta yana kan jeren. Ta matsa ta shafa wata fanteka tata, ta ɗan juya ta furen ya fuskanci gaba. Sannan ta ɗaga sanda ta nuna ƙololuwar sahun tsakiya, inda aka ɗora wata shuɗiyar samira sabuwa fil, wadda kowa ya san ta Hajiya ce, daga Makka ta zo da ita.

"Ƙawata, sauko mini da waccan."

Na taka kujera na sauko da ita. Fuskar Hajiya ta canza, ta tambaya ko samirar tata ce ba ta kai ba. Kaka ta karɓa da hannu biyu ta miƙa mata.

"Ta kai har ta wuce, Hajiya. Duk sauran na karɓa, Allah ya saka muku da alheri. Amma nan wurin da mai shi. Ranar da za mu taho, na sauke koriyar na zuba wa Malam maigidana abinci a ciki, abin da ban taɓa yi ba. Na ce masa in zai biyo mu ya taho mini da ita."

Goggo ta juya baya ta sa gefen mayafi a fuska. Hajiya ta koma kan tabarma ta zauna da samirarta a cinya, ta rufe ta da hannu. Ni kuwa ina tsaye a kan kujera na ji tausayin Kaka ya cika mini ƙirji, har da na kakana da ban gama saninsa ba. Tun da nake, ban taɓa jin ta ambace shi a gaban mutane ba sai ranar.

A haka baƙon ya same mu, shi da malaminmu. Malaminmu ya kalli jeren, ya kalle ni, na gyaɗa masa kai alamar ina sane. Baƙon ya zagaya, ya sunkuya ya leƙa zobban da ke riƙe da kwanukan, sannan ya tsaya a tsakiya ya ɗaga kai, kamar yadda mutane suka yi a gaban ƙusar nan. Ya tambayi dalilin da ko'ina ya cika sai wuri guda. Na ba shi labarin tun daga buhu har zuwa safiyar, ban yi in'ina ba, na ɗaga masa gindin langa ya ga ɗigon. Sai ya ce in haka ne, aikin na wa ke nan, nawa ko na matan nan. Na ce nawa ne. Ni na bar guraben, da ban bar su ba babu abin da wata za ta cika, kuma ni na ga ya dace a bar aron inda yake. Ya yi murmushi, ya gaishe da Kaka da hannu a ƙirji, ya wuce wajen na gaba. Na ci jarrabawar da kyau, ban kuma yi mamaki ba.

Da aka tashi baje-kolin na kwaso komai na kai gida, na ware na aro gefe zan rarraba. Kaka ta ce in bari tukuna, in nemo kafintan nan ya buga mata kantar a ɗakinta. Na aika wa matan cewa kayansu suna nan, kowace ta ce a bar su, za ta aiko. Har yau sunansu aro, kuma har yau babu wadda ta aiko. Na yi zane-zane da yawa tun daga lokacin, wasu sun je garuruwan da ni ban je ba, kuma ban sake rasa abin zanawa ba, don na daina tsallake ƙofar gidanmu in tafi nema. Jeren yana nan a bangon Kaka. Duk ranar Juma'a da hantsi take zama da tsumma ina sauko mata da kwanukan tana gogewa, in mun kai sahun tsakiya kuma sai ta sa in miƙo mata zoben ƙarfen nan na sama, shi ma ta goge shi in mayar.